Kwamfuta Ɗaya, Amma Me Ke Cikinta?

Kwamfuta tana fitar da wasiƙa a takarda, tana fitar da katin ɗaurin aure da hoton fasfo da sakamakon jarrabawar yara. Amma akwai wani ɗan aiki da har yau ba a yi masa maɓalli a Windows ba. Buɗe kowace folda, ka ga sunayen fayiloli sun jeru daga sama har ƙasa, sannan ka nemi inda za ka danna a fitar maka da sunayen nan kaɗai a takarda. Babu shi. In ka zaɓi wasu takardu ka danna Print, ba sunayensu za ta ba ka ba. Abin da ke cikinsu za ta shiga bugawa ɗaya bayan ɗaya, kafin ka farga takarda ta tafi, tawada ta bi ta. Shi ya sa za ka ga mutum ya zaro waya yana ɗaukar hoton allo, ya ja ƙasa ya sake ɗauka, wani kuma ya jawo littafi da biro ya yi ta kwafa har hannu ya gaji. Alhali aikin bai kai minti biyu ba ga wanda ya san hanya.

Wannan yanki namu na Jigawa ba baƙon kwamfuta ba ne. Kazaure na da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai sunan Hussaini Adamu, tana kuma da cibiyar koyar da fasahar sadarwa da aka kafa a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007. A 2021 gwamnatin tarayya ta ba Babura jami'ar fasaha. Yaran da suka yi karatu a waɗannan wurare su ne yau ke zaune gaban kwamfuta a ofisoshi da makarantu da shaguna, daga Achilafiya da Karkarna a ƙaramar hukumar 'Yankwashi har Roni da Gwiwa. Sun iya Word, sun iya Excel, wasu sun iya CorelDraw sai ka riƙe baki. Amma ce wa ɗayansu ya ba ka lissafin abin da ke cikin kwamfutar da yake aiki da ita kullum, sai ka ga ya yi jim.

Mu fara da masu turi, tunda su ne suka fi kowa tarin fayiloli. Saurayi yana zaune a rumfa ranar kasuwa, laftof a kan benci, waya ta biyo daga janareta ko batirin sola. Dattijo ya miƙo mamori ya ce, “Yaro, akwai tafsirin bana?” Ya ce, “Na wane malami, Baba?” Aka faɗa masa. Ya shiga wannan folda, ya fita, ya shiga waccan, ya jona wani had-dis, ya ce, “Wallahi akwai shi, Baba, bari dai in duba.” Mutum huɗu suna tsaye a baya, kowa da abin da ya zo nema, wani fim ɗin Kannywood, wani fassarar Indiya, wani waƙar biki. Da a ce akwai takarda shafi biyar manne a jikin allo, wa'azi daban, finafinai daban, da kowa ya zaɓi nasa tun kafin layi ya zo kansa. Man da janareta ya sha ana lalube ya fi kuɗin buga takardar.

Wannan asarar ƙarama ce. Babbar tana ofis. Idan aka yi wa akawu ko sakatare canjin wurin aiki, yakan rubuta takardar miƙa aiki: tebur biyu, kujera huɗu, fanka ɗaya, kabad ɗaya, kwamfuta ɗaya, firinta ɗaya. Ya sa hannu, wanda ya gaje shi ya sa hannu, shugaba ya buga hatimi. An ƙirga kujeru, ba a ƙirga abin da ke cikin kwamfutar ba, alhali nan ne aikin ofishin yake kwance: sunayen ɗalibai, sakamakon zango-zango, wasiƙun da aka aika, lissafin kuɗi. Bayan wata uku a nemi wani fayil a rasa. Sabon ma'aikaci ya ce, “Yallaɓai, ni ban tarar da shi ba.” A kira tsohon a waya ya ce, “Ranka ya daɗe, yana ciki na bar shi.” Wa za a gaskata? Babu mai shaida, sai rantse-rantse da zargi, a ƙarshe a zauna a sake buga aikin daga farko, in ma akwai inda za a kwafo. Mata sun fi mu wayo a nan. Ranar kai lefe ba a cewa an kawo akwati shida a tashi. Sai an buɗe kowane akwati gaban dangin ango da na amarya, an ƙirga atamfa da leshi da takalma, kowa ya gani da idonsa. A ra'ayina duk takardar miƙa aikin da ta ambaci kwamfuta ba tare da jerin fayilolinta a manne ba, ba ta cika ba, kuma bai kamata shugaba ya sa mata hannu ba.

To yaya ake fitar da jerin? Hanyar da ta fi tsufa ita ce ta fi inganci. Buɗe foldar da kake so. A sama akwai dogon gurbi da ke nuna adireshin foldar. Danna cikinsa, ka goge abin da ke wurin, ka rubuta cmd, ka danna Enter. Wata baƙar taga za ta buɗe da ɗan farin rubutu. Mutane da yawa a nan suke ja da baya, suna ganin wurin masu gyara ne ko masu kutse. Ba abin tsoro ba ne, matuƙar ka rubuta abin da ka san ma'anarsa. Rubuta wannan ka danna Enter:

dir > jeri.txt

Ba za ka ga komai ya faru ba. Koma cikin foldar, za ka tarar da sabon fayil mai suna jeri. Buɗe shi da Notepad, ga sunayen nan duka. Danna Ctrl da P, firinta ta fitar. Kalmar dir umarni ce ga kwamfuta ta lissafo abin da ke cikin folda, tana nan tun MS-DOS na 1981, tun kafin a san linzami da hotunan folda a kwamfutocin ofis. Alamar nan mai kama da bakin kibiya kuwa cewa take yi: maimakon ka nuna a allo, zuba a cikin wannan fayil. Sai dai a kula, in akwai tsohon fayil mai wannan suna, za ta shafe shi ba tare da ta tambaye ka ba. In kana so sabon jeri ya hau ƙarƙashin tsohon, sai ka sa alamar sau biyu a jere. Masu Linux da Mac nasu umarnin ls ne, aikin ɗaya.

Umarnin yana karɓar ƙarin haruffa da ke sauya kamannin jerin. In ka ƙara /b, sunaye zalla zai ba ka, ba kwanan wata ba girma, wanda shi ne daidai da mai turi da zai manna a bango. In ka ƙara /s, zai kutsa cikin duk foldodin da ke ƙarƙashin wadda kake ciki, ya lissafo nasu su ma. Da /o:n yana jera su bisa haruffa, da /o:-d sababbi ne a sama, da /o:-s kuwa manya ne a sama, abin da ke da amfani ranar da had-dis ya cika kana neman abin da ya cinye wurin. In finafinai kaɗai kake so, ka rubuta *.mp4 bayan dir, in takardun PDF ne, *.pdf. Ana haɗa su a layi ɗaya:

dir /s /o:n *.pdf > jeri.txt

Akwai kuma tree /f, wanda ke zana foldodi da rassansu, kowane fayil a ƙarƙashin uwarsa. Shi ya fi kyau a takardar miƙa aiki, domin ko wanda bai san kwamfuta ba zai gane tsarin da kallo ɗaya.

Gargaɗi guda kafin a tura wa firinta: duba tsawon jerin tukuna. Shafin A4 layi hamsin da 'yan kai yake ɗauka, wato fayil dubu zai ci kusan shafi ashirin. Wanda ya tsaya a tushen C ya sa /s ya jawo wa kansa aiki, domin fayilolin Windows kanta dubun-dubata ne, kuma babu ruwanka da su. Foldar aikinka kawai za ka lissafa. In jerin ya yi tsawo, sai a zuba shi a Word a raba shafin gida biyu, ko a zaɓi Microsoft Print to PDF a ajiye shi a waya, a buga shafin farko da na ƙarshe kaɗai don sa hannu.

Wanda baƙar tagar ba ta kwanta masa ba yana da wata hanyar. Ya danna Ctrl da A ya zaɓi duk fayilolin, ya riƙe Shift, ya danna linzami ta dama, ya zaɓi Copy as path, ya je Excel ya liƙa. A Windows 11 ma ba sai an riƙe Shift ba. Kowane suna zai zo da dogon adireshinsa a gaba, sai a share shi gaba ɗaya da Ctrl da H. Amfanin Excel shi ne za ka iya ƙara gurbi a gefe ka rubuta bayani: wannan an tura wa hedikwata, wannan ba a kammala ba. Akwai ma wata dabarar: ja foldar ka jefa ta cikin Chrome, zai nuna sunayen da girmansu da kwanan watansu kamar shafin intanet, ka buga daga nan, ba ya buƙatar data. Raunin waɗannan biyun shi ne ba sa shiga foldodin ciki.

Fitar da jerin abu ne mai sauƙi. Karanta shi ne ke buƙatar ido. Kowane layi yana da kwanan wata, da lokaci, da girman fayil, da sunansa. Inda ka ga DIR a wurin girma, folda ce. A can ƙasa akwai jimilla: fayil kaza, girmansu kaza. Wannan layin na ƙasa shi ne mafi daraja a duk takardar. Idan ka kwafe folda zuwa filash, fitar da jerin asalin da na kwafin ka gwada jimillar biyu. In asali ya ce 412, kwafi ya ce 397, fayil 15 sun maƙale a hanya, wataƙila wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ko an zare filash da gaggawa. Ka tuna dai shi kansa fayil ɗin jeri yana shiga cikin ƙirga in a cikin foldar ka ajiye shi. Fayil ɗin da girmansa ya nuna 0 kuwa suna ne kawai, babu komai a ciki. Fim ɗin da ya kai gigabait huɗu ba ya shiga filash mai tsarin FAT32 ko da akwai wuri, shi ma jerin zai tona rashinsa.

Kwanan watan kada a rantse a kansa. Ranar da aka yi wa fayil gyara na ƙarshe yake nunawa, bisa agogon kwamfutar. Yawancin kwamfutocinmu na hannu ne, irin waɗanda ake saya a titin Beirut a Kano, kuma da yawa ɗan batirin da ke riƙe agogonsu ya mutu. Sai ka ga takardar da aka buga jiya tana ɗauke da shekarar da ta wuce da daɗewa. Waɗanda aka saita da tsarin Amurka kuma wata suke fara rubutawa kafin rana, 03/04 a wurinsu huɗu ga Maris ne, ba uku ga Afrilu ba. Saboda haka a rubuta ranar da aka fitar da jerin da biro a saman takardar.

Ranar da mutum ya fara ganin jerinsa a takarda, ranar yake sanin irin sunayen da yake raɗa wa aikinsa. Doc1. Doc1 copy. New folder, a cikinta wata New folder. Sakamako, sakamako na ƙarshe, sakamako na ƙarshe gyararre, sakamako na gaskiya. A allo ana lallaɓawa, tunda za ka buɗe ka leƙa. A takarda babu leƙe, suna ne kaɗai zai yi magana, kuma waɗannan ba sa cewa komai. A zamanin DOS mutane suna da uzuri, domin suna ba ya wuce harafi takwas sai ƙarin uku a bayan ɗigo. Tun Windows 95 aka ɗage wannan takunkumi zuwa harafi 255. Yau babu abin da zai hana ka rubuta 2024-07-19 sakamako aji uku zango na uku. Fara da shekara, sai wata, sai rana, kowanne da sifilinsa, fayilolin za su jera kansu bisa tarihi ko agogon kwamfutar ya haukace. Lambobi ma haka: darasi 01, 02, har 10. In ka rubuta 1 da 2 ba sifili, dir zai sa 10 a gaban 2, karatun malam ya hautsine.

Mu masu rubuta Hausa muna da tamu matsalar ta daban. In sunan fayil yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, sau da yawa jerin yakan fito da alamar tambaya a gurbinsu, ƙauye ya koma ?auye. Ba fayil ɗin ne ya lalace ba, baƙar tagar ce ke aiki da tsohon tsarin haruffa wanda bai san da namu ba. Maganin layi ɗaya ne. Kafin dir, rubuta chcp 65001 ka danna Enter, wannan zai mayar da ita tsarin UTF-8, haruffanmu su fito da lanƙwasarsu. Wasu sukan guje wa haruffan a sunayen fayil gaba ɗaya don gudun rigima da tsofaffin rediyoyin mota da ƙananan wayoyi. Uzurinsu karɓaɓɓe ne a mamorin waƙa. A takardun ofis da makaranta ban ga dalili ba.

Akwai ranar da dir ke ceton rai. Ɗaliba ta kai filash shagon buga takardu a fitar mata da firojet, ta dawo ta jona a wata kwamfutar ta ga foldodinta duk sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a gindi, ko ma ta ga wayam. Hankali ya tashi, wani ya ba ta shawarar a yi wa filash ɗin fomat. Kada a yi. Aikin wani bairos ne da ke yawo daga shago zuwa shago, kuma yawanci ba ya goge fayil, ɓoye shi yake yi. A buɗe baƙar tagar a rubuta dir E:\ /a, in E ne harafin filash ɗin. Wannan /a yana tono har abin da aka ɓoye. In sunayen suka bayyana, aikin yana nan. Sai a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* a cire musu lulluɓin. A kwashe su zuwa wuri mai tsafta, a goge gajerun hanyoyin ba tare da an buɗe su ba, a wanke filash ɗin da manhajar kashe bairos, domin attrib bayyanawa kawai yake yi, ba ya kashe komai. Wadda ke da tsohon jeri a takarda a nan za ta bi layi-layi ta tabbatar komai ya dawo. Wadda ba ta da shi sai ta dogara da abin da ta iya tunawa.

Masu littattafai sun riga mu sanin wannan da ƙarnoni. A Bagadaza, wajen shekarar 987, wani mai sana'ar kwafe da sayar da littattafai, Ibn Nadim, ya tattara sunayen littattafan da ya sani da marubutansu a cikin littafinsa, Fihrist. Mafi yawan waɗannan littattafai sun salwanta, kuma da yawansu ba don fihirisarsa ba da ko sunansu ba mu ji ba. A ƙasarmu Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta, shi ya sa masu bincike suka san abin da ake karantarwa a wancan zamani. Wanda ya je Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna neman takardun zamanin Turawa a kan Kazaure, ba ɗakin ajiya za a kai shi ya yi ta bincike ba. Littafin jeri za a miƙa masa, na lardin Kano, tunda Kazaure a lardin take a lokacin, kafin a ƙirƙiri Jigawa a 1991. Ya nemo lamba da suna, ya cike takarda, a ɗauko masa. Fayil ɗin da ba ya cikin jerin, ko yana kan kanta, ba mai kaiwa gare shi.

Labarin Ibn Nadim yana da ɗaya gefen da bai kamata a tsallake ba. Fihirisar ta tsira, littattafan ba su tsira ba. Jeri yana gaya maka abin da ka rasa, ba ya dawo maka da shi. Zafin bazara, ƙurar hunturu, wutar da ke zuwa da ƙarfi ta koma, faɗuwar laftof daga kan babur, kowanne yana iya kashe had-dis rana ɗaya. Don haka jeri abokin tafiyar kwafi ne. A kwafe foldar zuwa wani had-dis ko filash, a fitar da jeri, a gwada jimilla, a naɗe takardar a sa su a ambulan ɗaya, a ajiye a wani ɗaki daban da wanda kwamfutar take. Mai had-dis uku ko huɗu ya rubuta wa kowanne lamba a jiki, ya sa lambar a saman jerinsa, ba sai ya jona su ɗaya bayan ɗaya yana nema ba. Mai kai kwamfuta gyara shi ma ya fitar da jeri kafin ya miƙa ta, ya nuna wa mai gyaran, su biyu su san abin da ke ciki kafin a taɓa Windows. Na waya kuwa, a cire mamorin a sa a kwamfuta ta hanyar abin karanta kati, zai fito da harafinsa kamar filash, dir ya yi aiki a kansa. In wayar aka jona da igiya, yawanci ba ta samun harafi, umarnin ba ya isa gare ta.

Sunayen fayil su kansu sukan ɗauki sirri. A asibiti ana iya samun sunan mara lafiya haɗe da cutarsa a sunan fayil, a shago sunan wanda ake bi bashi da adadin kuɗin, a ofis sunan wanda aka rubuta wa takardar tuhuma. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta ɗora wa mai riƙe da irin waɗannan bayanai alhakin tsare su, ko a kwamfuta suke ko a takarda. Mun kuma san inda tsofaffin takardun ofis suke ƙarewa a garuruwanmu: wurin mai ƙosai da mai tsire. Jerin mai turi a manna shi a bango kowa ya karanta. Na asibiti da na ofis a sa shi a fayil a kulle a kabad, in an fitar da sabo a ƙone tsohon. Wanda kuma ya je shagon kasuwa ya buga nasa, ya tsaya a kan yaron shagon har ya goge fayil ɗin daga kwamfutarsu, ya kuma share shi daga kwandon shara na kwamfutar, kafin ya biya ya tafi.